Kofin da Mino Ya Zubar

Ranar da likita ta gaya wa Mino hantarsa ta kusa gama aiki, abin da ya fara tambayarta shi ne wai har da sidra a cikin abin da ta hana shi? Matar ta cire tabarau ta dube shi kamar ya zage ta.

"Malam Belarmino, kai da kake koyar da tarihin giyar tuffa a jami'a, ni za ka tambaya ko giya ce?"

"Ai tuffa ce, likita. Ruwan tuffa ne da ya ɗan kwana."

"To ya kwana a hantarka, ya ƙi tashi. Kwalba nawa kake sha a rana?"

"Haba, wa yake ƙirga sidra?"

"Ni nake ƙirgawa, ga shi nan a hoto. Jijiyoyin maƙogwaronka sun kumbura sun yi suntum. In ka daina yau kana da sauran shekaru. In ka koma, wata rana ɗaya daga ciki za ta fashe, jini ya biyo ta baki, kuma ba lallai ka iso nan da ranka ba. Ko kurɓi ɗaya ban yarda ba."

Ya ce to. Ya sa hularsa ya fito cikin yayyafi, ya bi titi, kuma duk ƙofar mashayar da ya wuce sai wani ya ɗaga masa hannu daga ciki yana "Dakta! Dakta, zo ga ɗaya!" shi kuwa yana nuna agogo wai yana sauri.

Mino ɗan ƙauyenmu ne a nan yankin Asturias, can gefen garin Nava, gidansu gidan matsar tuffa ne tun kakansa, uwarsa ma an ce tana wankin kwalabe naƙudarsa ta kama ta. Su biyu ne wajen ubansu Secundino, shi da wansa Cundo. Cundo ƙato ne mai wuya kamar na sa, tun yana ƙarami yake ɗaukar buhun tuffa a kafaɗa ɗaya, Mino kuwa siriri mai tari, in an aike shi tsintar tuffa sai a same shi a gindin bishiya yana tambayar tsofaffi me ya sa ake kaza me ya sa ake kaza. Me ya sa ake ɗaga kwalba sama da kai a riƙe kofi can ƙasa wajen cinya? Don ruwan ya daki gefen kofi ya farka mana. Me ya sa ɗan kaɗan ake zubawa? Don kulin ne, kurɓi ɗaya ne, a take ake shanye shi kafin kumfa ta kwanta, in ka tsaya surutu ya mutu a hannunka. To me ya sa mutum shida kofi ɗaya, kowa ya sha ya watsar da ɗan ragowar a ƙasa ta inda bakinsa ya taɓa, ya mayar a zuba wa na gaba? Nan ne tsofaffin suka ce kai yaro tafi ka ba mu wuri, haka muka tarar.

Wannan tambayar ta ƙarshe ita ta ci rayuwarsa gaba ɗaya. Shi ne na farko a danginsu da ya shiga jami'a a birni, kuma da ya zo hutu ya ce wa ubansa tarihin sidra zai karanta har ya zama dakta, tsohon ya ajiye cokali ya ce, "Wato na sayar da saniya don ka je birni a koya maka abin da ke cikin gangata? Da ka faɗa ai da na koya maka kyauta, har da duka." Aka yi dariya, amma daga baya in baƙi sun zo sai tsohon ya ja su gefe yana cewa ɗana yana rubuta mu a littafi.

A jami'ar kuwa ba su taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba. Masu tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe su ne manya, su ke da ofis mai taga, shi kuwa Daktan Kwalba suke ce masa a bayan ido, wani lokacin ma a gaban ido. Shekara da shekaru aikin wucin gadi yake, duk damina sai an sake duba ko za a bar shi ya koyar, yaran da ya koya wa karatu suka zo suka zama farfesoshi suna sa hannu a takardarsa, shi yana nan a ɗan ɗakin da ke kusa da banɗaki da kwalayen kaset har rufi. Bai yi aure ba. An ce akwai wata malamar makaranta da ta jira shi ta gaji.

Kaset ɗin nan su ne aikinsa. Ƙauye ƙauye yake bi da rikoda a jaka, mashaya mashaya, yana neman tsofaffin masu haƙar kwal da masunta da matan da suka yi tallar tuffa, su ba shi labarin da. To a nan wajenmu tsoho ba ya buɗe baki ga mutumin da bai karɓi kofi ba, in kofi ya zagayo kanka ka ce a'a to ka zama ɗan sanda ko mai karɓar haraji, kowa zai yi shiru ya kalli bango. Saboda haka Mino yana sha. Da safe da masunta, da rana da masu kwal, da yamma da wanda ya samu. Kuma wallahi ba wanda ya taɓa ganin ya yi tangaɗi, ko sau ɗaya, kullum tsaf da shi da rigarsa a goge. Har rediyo suka riƙa kiransa, ya zauna ya yi bayani da muryarsa mai sanyi cewa ƙasar sidra ba ta san mashayi ba, mashayi na barasa ne da jan inabi, sidra kuwa zumunci ce, kofi ɗaya ne ke sa attajiri ya sa baki inda lebura ya sa. Mutane suka so maganar nan kamar me. Masu mashaya suka yanko hotonsa daga jarida suka liƙa a bango.

To wannan mutumin ne ya koma ɗakinsa a birni ya kulle ƙofa da kwalbar ruwa. Bai gaya wa kowa ba. Duk sanyin nan bai leƙo ƙauye ba, in Cundo ya buga waya sai ya ce littafi yake gamawa. Satin farko hannunsa ya riƙa rawa har ba ya iya ɗaure takalmi, gumi yana zubo masa cikin sanyi, yana ganin abubuwa suna tafiya a bango, kuma can cikin ransa ya gane cewa abin nan da ya rantse a rediyo babu shi a ƙasarmu, ga shi zaune a kan gadonsa sanye da safarsa. Amma ya daure. Ya daure fa. Kumburin ƙafarsa ya ɗan saɓe, ya fara cin abinci, likita ta ce madalla, ci gaba a haka.

Sai bazara ta shigo, sai waya.

"Kai ɗan boko, ka mutu ne?" in ji Cundo. "Asabar za mu huda babbar ganga. Falo zai zo, duk masu mashaya za su zo. Bana abin ya yi kyau, in gaya maka, tun rasuwar Baba ba a yi irinta ba."

"Yaya, ina da aji..."

"Ran Asabar? Jakuna kake koya wa? Ka zo ka sha mana na farko kamar kullum, kar ka sa in zo in ɗauko ka a kafaɗa a gaban ɗalibanka."

Tun da ubansu ya rasu haka ake yi a gidan. Ranar huda ganga masu mashaya suna taruwa su ɗanɗana, wanda ya so ya rubuta sunansa da alli a jikin gangar, shi ke nan ya kama rabonsa. Kofin farko kuwa na Mino ne, shi zai sha ya faɗi kalma ɗaya ko biyu, don shi ne na rediyo, bakinsa kamar hatimi ne. Ga shi kuma bishiyoyinmu shekara ɗaya suke yi da gaske, ta gaba su huta, to gangar bana ita za ta riƙe gidan har baɗi waccan.

Ya zo. Ya ce a ransa zai san dabara.

Gidan matsa ya cika, sanyi da warin tuffa da katako mai laima, Olvido matar Cundo ta jera dafaffen ƙwai da wainar dankali da tsiran alade a kan dogon katako. Tana ganinsa ta ce, "A'a, Mino, yunwa ake yi a birnin? Dubi wuyanka kamar na kaza." Falo kuwa, mai babbar mashayar bakin kasuwa, gajere mai tumbi wanda duk abin da ya saya sauran ma shi suke saya, ya buga masa baya ya ce, "Dakta! Mun ɗauka ka koma shan shayi da farfesoshi."

Cundo ya zare ɗan tsinken da ya toshe hudar, sidra ta yi tsiri ta fito siririya kamar zare, ya tare ta da kofi daga nesa, ta daki gilashi ta yi fari, ya mayar da tsinke ya miƙo wa ƙanensa yana murmushi har kunne.

Mino ya karɓa. Ƙamshin ya doke shi har cikin ƙashi, yawu ya cika masa baki. Ya ɗaga kofin wajen haske wai yana duba launi, ya juya shi, ya sake juyawa, kowa ya yi tsit yana jira, kumfa tana kwanciya tana kwanciya har ta kwanta.

"Dakta, ya mutu a hannunka fa," in ji Falo.

"Bar shi, karatu yake yi mata," Cundo ya ce, ya karɓe kofin ya zubar ya sake taro wani. "Ungo, wannan na sha ne, ba na kallo ba."

To nan ne dabarar ta zo masa, dabarar banza. Ya kai kofin baki ya datse leɓe, ya ɗaga kai kamar ya haɗiye, sai ya juya da sauri ya watsar a ƙasa kamar yadda kowa ke watsar da ragowa. Amma ragowa ɗan tas take yi a ƙasa. Wannan kuwa faca ta yi, har ta fantsamo wa Falo takalmi. Duk wanda ke wurin an haife shi da sanin bambancin ƙarar nan. Kuma mutum ba ya zubar da cikakken kulin a gaban mai ganga sai in abin da ke ciki ba ya shawuwa.

Falo ya kalli takalminsa, ya kalli Mino, ya miƙa hannu aka taro masa nasa, ya sha, ya tsaya yana tauna baki.

"Hmm. Akwai ɗan wani abu can ƙarshe."

"Wane abu?" in ji Cundo.

"Ban ce komai ba ni. Ɗan tsami-tsami dai."

Na kusa da shi ya sha ya ce shi kamar warin katako ya ji, wani ya ce lallai kam ta ɗan juya, mutanen da ko minti biyar ba a yi ba suna shaƙar iska suna cewa kai bana Cundo ya gama da kowa. Mino yana ta cewa a'a, a'a, lafiyarta lau, hannuna ne ya kuɓuce, amma wa zai yarda, sai ma suka riƙa kallonsa da tausayi wai yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Suka ci ƙwai suka goge baki, kowa ya tuna yana da wani uzuri. Allin yana nan a kan ganga ba wanda ya taɓa shi.

Da wurin ya watse Cundo ya tsaya a gaban Mino.

"Me na yi maka?"

"Yaya..."

"A'a, gaya mini. Gadon ne? Rabin gidan kake so? Ɗauka! Ko don ban yi boko ba ne ka ga ya kamata ka zo ka tsarta mini yawu a gaban Falo?"

Olvido ce ta ja Mino bakin ƙofa inda haske yake, ta kama haɓarsa kamar yaro ta ja fatar idonsa ƙasa da yatsa. Ta daɗe tana kallo.

"Cundo, zo ka ga idon ƙanenka. Kamar gwaiduwar ƙwai. Mino, tun yaushe?"

Sai ya faɗa musu. Duka, da hanta da jijiyoyi da abin da likita ta ce. Yana faɗa yana kallon ƙasa.

Cundo ya saurara har ƙarshe, fushin ya sauka daga fuskarsa, sai ya rungume shi har ƙashinsa ya yi ƙara, sannan ya ce, "Amma kai wawa ne. Shi ne ba ka faɗa ba? To ai ba sidra ba ce. Baba ya sha ta tun yana rarrafe har ya tsufa tukuf, da haƙoransa aka binne shi. Abincin gwangwanin nan ne da kuke ci a birni, da zaman kujera. Likitar 'yar ina ce?"

"Daga kudu take."

"Ka ji ba! Me 'yar kudu ta sani a kan sidra? Su da suke shan jan inabi kamar ruwa. Kai da bakinka ka faɗa a rediyo."

"Na faɗa, Yaya."

"To ƙarya ka yi?"

Olvido ta ce, "Ku je ku gaya wa Falo gaskiya, ba shi da lafiya, shi ke nan magana ta ƙare."

"In ce masa me?" in ji Mino. "In ce ɗan gidan Secundino, wanda sidrar gidan nan ta raina, hantarsa ta ruɓe? Gobe duk kasuwa za a ce tasu ce mai kashe mutum. Yanzu ganga ɗaya na ɓata, wannan kuwa gidan ne gaba ɗaya."

Olvido ta ce, "Ƙarya kake, hotonka da ke bango kake ji. Ka fi son a binne ka da a yi maka dariya."

"Ke Olvido, ya isa," Cundo ya ce. "Ba wanda za a binne. Kulin ɗaya ne fa. Mu cika kwalabe mu je wajen Falo, ya sha ɗaya a gabansa ya ce ta yi, mu dawo gida ki dafa masa wake. Kulin ɗaya ko jariri ai ba ya ji."

Kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, wannan ne abin. Duk duniya ba wanda yake son Mino kamar Cundo.

Washegari Olvido ta tsaya a jikin ƙofar motar Cundo ta ce sai dai su taka ta. Mino ya ce mata, "Matsa, 'yar'uwa. Ni na zubar, ni zan kwashe." Ta dube shi ta dube shi, ta matsa, ta shige gida ba ta waiwayo ba.

Mashayar Falo cike take da mutanen da suka taso daga coci. Cundo ya ɗaga kwalba sama, ya zuba, Mino ya karɓa ya shanye a take kamar yadda ake yi, ya watsar da ɗan ragowar tas, ya rufe ido. Wata shida rabonsa da ita. Jikinsa duka ya amsa.

"Jiya mura ce ta toshe mini hanci," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Falo, in ka bar wannan ta wuce ka, to ka koma sayar da lemo."

Aka kwashe da dariya. Falo ya ce, "Au, haka ne? To sake ɗaya in gani, kar ya zama don ɗan'uwanka ka daure." Ya sake. Kofi ya zagaya ya dawo kansa, ya zagaya ya dawo, ba a tsallake mutum, kuma kwalba in an buɗe ba a barin ta. Falo ya sha ya ce kai, lallai jiya bakinsa ne ba daidai ba, wannan ai zuma ce, a ajiye masa rabin gangar.

Saura rabi, kuma sauran masu mashayar kowa ya ce shi ma sai Dakta ya zo ya sha a gabansa kamar yadda ya yi wa Falo, ko shi ba mutum ba ne? Haka suka yi ta bi, yau wannan gari gobe wancan, har bakin teku har kan duwatsu. Mino ya dawo da hirarsa, kumatunsa suka yi ja, yana ba da labarin masu kwal ana dariya, Cundo yana tuƙi yana cewa, "Ka gani? Ka fi kyau yanzu. Dama rashinta ne ya kwantar da kai." Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce bai je ba. Har ganga ta ƙare da sunaye bai daina ba, don yanzu ba don ganga yake sha ba kuma, shi ma ya sani.

Suna dawowa daga wani ƙauyen kan dutse ne da rana tsaka ya ce, "Yaya, tsaya, zan yi amai." Ya buɗe ƙofa ya durƙusa a kan ciyawa. Cundo ya zagayo yana tsokanarsa wai yau dai Dakta ya ji jiki, sai ya ga ciyawar.

"Mino, me ka ci ja haka?"

"Ba abinci ba ne."

Ya ɗauke shi cak ya sa a mota, ya yi gudun da bai taɓa yi ba, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya riƙe da wuyan rigar ƙanensa kar ya kife, yana ta kiran sunansa yana zaginsa, kai wawa kar ka yi barci, kai ɗan boko yi mini magana.

Sun isa da ransa. Aka ɗaure jijiyar aka ƙara masa jini, likitar nan ta zo ta tsaya a kansa, ba ta yi faɗa ba, ta dai ce wa Cundo hantar ta tsaya, a kira wanda za a kira. Olvido ta zo ta zauna a gefen gado tana shafa masa ƙafa.

Ran Juma'a ya farfaɗo sosai, ya yafito Cundo da yatsa.

"Yaya, buga wa sashenmu waya. Ka ce ba zan samu zuwa ajin Litinin ba. Ka ce mura ce. In mutum ya yi fashi bai faɗa ba suna riƙewa, kuma wata mai zuwa za su zauna a kan wa za a bari baɗi."

Cundo ya fita baranda ya buga. Wata yarinya ta ɗauka, ya yi mata bayani, ta ce wane malami? Ya ce Belarmino. Ta ce na wane darasi? Ya ce na sidra, na tarihin sidra, shekara nawa yana nan wajenku. Ta ce ya ɗan riƙe, ya ji tana tambayar wani, ya ji an yi 'yar dariya can nesa, ta dawo ta ce to ba komai, dama yara uku ne suka yi rajista, za a liƙa musu sanarwa a ƙofa.

Ya daɗe tsaye da wayar a hannu kafin ya koma ciki.

"Me suka ce?"

"Sun ce ka huta abinka, kujerarka tana nan. Shugaban da kansa ya ɗauka. Yana gaishe ka."

"Shi da kansa?"

"Da kansa."

Mino ya gyara kai a kan matashi. Ran Lahadi da hantsi ya cika.